Wanda Ka Kira Ɗan'uwa, Amanarsa Tana Wuyanka

Bari in kai ka wata ƙasa mai nisa, mu tsaya tare a bakin wata ƙofa. A jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin ɗalibai maza waɗanda sunayensu haruffa ne na Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Ta farkonsu, Phi Beta Kappa, an kafa ta a shekarar 1776 a Kwalejin William da Mary, a jihar Birjiniya. Sunan da ake kiran irin waɗannan ƙungiyoyi da shi ya samo asali daga kalmar Latin, frater, wato ɗan'uwa. 'Ya'yan ƙungiya sukan zauna gida ɗaya, su ci abinci tare, su ɗauki alkawari a asirce cewa za su riƙi juna muddin ransu. Saurayi ɗan shekara 18 da ya baro gidan iyayensa, bai san kowa ba cikin dubban ɗalibai, ba abin mamaki ba ne in zuciyarsa ta ja shi can.

Amma ba a shiga sai an kira ka. A farkon zangon karatu akan ware 'yan kwanaki, sababbin ɗalibai su yi ta zagaya gidajen ƙungiyoyi, ana gaisawa, ana hira, ana kuwa auna su. Daga nan 'ya'yan gida su rufe ƙofa su yi zaɓe. A dā akwati ake zagayawa da shi, kowa ya jefa ɗan ƙwallo, fari ko baƙi, kuma a wasu ƙungiyoyi baƙi guda ɗaya ya isa a ƙi mutum. Wanda ya tsallake sai a miƙa masa takardar gayyata.

Saboda ɓarnar da ta sha aukuwa a waɗannan kwanaki, jami'o'i da majalisun ƙungiyoyin suka shimfiɗa dokoki. A wurare da yawa an hana giya a taron neman sababbi. An hana yi wa ɗalibi alkawarin gayyata a ɓoye kafin ranar da aka tsayar. An hana kushe wata ƙungiya domin a ƙwace mata mutum. Dole ɗalibi ya kai wani matsayi a sakamakon jarrabawarsa. Wasu jami'o'i ma sun ce sai ya gama zango ɗaya tukuna, ya san gabas da yamma. Dokoki ne masu kyau, kuma ban zo in rena su ba. Tambayata ita ce: daidai ne 'yan'uwa su zaɓi wanda zai zama ɗan'uwansu? In kuwa daidai ne, wane hakki ne ya hau kansu?

Wani zai ce zaɓen kansa shi ne laifin, domin kowace gayyata tana barin wani a waje yana haɗiye hawaye. Na ji nauyin wannan magana, amma ban yarda da ita duka ba. Ubangijinmu Yesu ya kwana yana addu'a kafin ya ware goma sha biyu daga cikin almajiransa. Ikkilisiya ma tana da ƙofa: akwai ajin baftisma, akwai tambayoyin da dattawa suke yi. Gidan da ba shi da ƙofa ba gida ba ne, fili ne. Sai dai akwai abubuwa biyu da dokar ƙofa ba ta iya kaiwa gare su, wato mudun da ake awo da shi, da amanar wanda aka shigo da shi.

Mu fara da mudu. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, ƙungiyoyi da yawa sun rubuta a tsarin mulkinsu cewa farar fata kaɗai za su karɓa, wasu suka ƙara da cewa sai Kirista, domin su tare Yahudawa. Dubi yadda aka mai da sunan Almasihu sakata! A cikin wannan yanayi ne ɗalibai baƙar fata bakwai suka kafa tasu, Alpha Phi Alpha, a Jami'ar Cornell a 1906, wadda Martin Luther King ya shiga daga baya. A 1948 reshen Phi Kappa Psi na Kwalejin Amherst ya gayyaci ɗalibi baƙar fata, sai uwar ƙungiya ta yanke reshen daga jikinta. Yau an share waɗannan sharuɗɗa daga takarda. Amma a ɗakin da aka rufe, ba a tambayar mai jefa ƙuri'a dalilinsa. Yana iya ƙin mutum saboda tufafinsa, ko karin harshensa, ko talaucin mahaifinsa, bai kuwa karya doka ko ɗaya ba. Wannan ne zunubin da Yakubu ya tsawata a sura ta biyu ta wasiƙarsa, inda aka ba mai zoben zinariya wurin zama mai daraja, aka bar matalauci a tsaye. Annabi Sama'ila ma ya kusa faɗa masa a gidan Yesse, da tsayin Eliyab ya ɗauke masa hankali.

Abu na biyu ya fi nauyi. Wanda ya karɓi gayyata yakan shiga makonni na gwaji kafin a ɗauke shi cikakken ɗan ƙungiya. A nan ne akan sa shi bauta, a hana shi barci, a wulaƙanta shi, a tilasta masa sha. A watan Fabrairu na 2017, a Jami'ar Jihar Fensilbaniya, wani saurayi ɗan shekara 19 ya je gidan ƙungiyar Beta Theta Pi a daren karɓar gayyata. Aka ɗura masa giya, ya faɗo daga matakala. Kusan awa 12 suka wuce kafin a kira masu agaji, ya kuwa rasu a asibiti. Gidan nan, a takarda, an hana giya a cikinsa. Ba doka ce ta rasa ba. Samarin da suka kira shi ɗan'uwa da maraice, da dare ya yi suka fi jin tsoron abin da zai sami gidansu da sunansu. Amsar da Kayinu ya ba Allah a kan Habila ita ce suka maimaita da shirunsu.

Bayan haka an ƙara ɗaure dokoki. Babbar majalisar ƙungiyoyin ta Amurka ta Arewa ta hana barasa mai ƙarfin da ya wuce kashi 15 cikin 100 a gidajensu daga 2019. A Disamba 2024 gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa jami'o'i su bayyana irin wannan cin zali a rahotonsu. Madalla da wannan. Doka tana iya riƙe hannu, amma ba ta taɓa haifar ƙauna ba. Mu ma ba baƙin wannan labari ba ne: ƙungiyar Pyrates da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 da kyakkyawar niyya aka fara ta, amma ƙungiyoyin asirin da suka biyo baya sun sa iyaye da yawa kuka.

To, ɗan'uwana, me bishara ta koya mana a nan? Ƙungiyar duniya tana cewa, sha wuya tukuna, mu ga ko ka isa. Almasihu kuwa shi ya sha wuyar, shi ya biya kuɗin shiga da jininsa, tun muna masu zunubi, sa'an nan bai ji kunyar kiranmu 'yan'uwa ba. Saboda haka duk zumuncin da ya ɗora wuyar shiga a kan baƙo ya juya gicciye ƙasa a bisa. Mai gayyata shi ne mai bashi a kansa, ba wanda aka gayyata ba.

Ina faɗin wannan da kunya. Na taɓa zama da dattawa muna karɓar sababbin membobi. Wani ma'aikaci mai mota muka karɓe shi da fara'a cikin 'yan mintoci. Wata gwauruwa mai sayar da itace muka tsare ta da tambayoyi har muryarta ta fara rawa. Ba mu karya tsarin ikkilisiya ba. Bayan wata uku ta daina zuwa sujada, ba kuwa wanda ya taka zuwa gidanta, har da ni. Mun shigo da ita, ba mu riƙe ta ba.

Kai ma kana tsaron wata ƙofa, ko ta ƙungiyar mawaƙa, ko ta zumuntar mata, ko ta matasa, ko ta abokan hirarka kawai. Kafin ka ƙi wani, tambayi kanka ko za ka iya faɗin dalilinka a gaban Ubangiji. Kafin ka kira wani, tambayi kanka ko za ka tashi da tsakar dare dominsa, ko da hakan zai ja maka asara. In kuma kai ne matashin da ake nema, ka sani rai da mutuncinka ba kuɗin shiga ba ne. Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki. Ba mai hankalin da zai ga rabin jikinsa a ƙasa ya jira gari ya waye.

Ya Ubangiji, kai da ka buɗe mana ƙofa ba don mun isa ba, ka gyara mudunmu, ka sa mu riƙe amanar waɗanda muka kira 'yan'uwa. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.