Ɗumin Da Ke Tsakanin Tafin Hannu: Na Jiki Ne Ko Na Malam?

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Chainis ya san wannan fitowar. Bos ya lakaɗa wa jarumi dukan kawo wuƙa, jarumi ya ja jiki ya koma bayan gari, ya rufe ido, ya ja numfashi, ya shiga motsa hannuwa a hankali. Kafin ka ce kwabo ganyaye sun tashi su na kewaya shi. Haka Jet Li ya yi a *Tai Chi Master* na 1993. Abin da darakta ke son nuna mana shi ne "chi", wani ƙarfi da likitancin gargajiya na ƙasar Sin ya ce ya na zagaya jikin ɗan'adam kamar ruwa a magudana. Indiyawa masu yoga ma su na da irin sa, su "prana" su ke cewa.

Matsalar darakta ita ce kyamara ba ta ɗaukar abin da mutum ke ji a cikin jikin sa. Dole ya nemo fanka ta kaɗa ganye, ya ɗaura wa ɗan wasa igiya a ƙugu a ja shi sama. Mu 'yan kallo mun san da haka, mun kuma yarda, don ƙaryar mu ka biya kuɗi mu gani.

To amma atisayen na gaske fa, wanda ake koya wa ɗan koyo a ranar farko? Ba shi da wani armashi. Za a ce ka tsaya, ka ɗan buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka sassauta gwiwa, ka ɗaga hannuwa kamar ka rungumi tulu. Sinawa na kiran wannan tsayuwar turke. Ko kuma ka kwanta ka bi jikin ka da hankali, daga babban yatsan ƙafa har tsakar ka, ka lura ina ne ya ɗaure, ina ne ya saki. Wannan na biyun Jon Kabat-Zinn ya sa shi cikin shirin rage damuwa da ya fara a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979. Sai wanda ya fi jan hankalin sababbin shiga: ka murza tafin hannuwan ka, ka raba su kaɗan, ka dinga matso su ka na nesanta su. Bayan 'yan mintoci mutane da yawa kan ji ɗumi, ko wani yarr a yatsu, ko kamar akwai balan-balan a tsakani.

Mai karatu, a nan tambaya ta ta ke. Ɗalibi ya ɗago ya ce, "Malam, na ji wani abu!" Me ya kamata malam ya ce masa?

Abin da ya ji ɗin gaskiya ne, ba wanda ya isa ya ƙaryata shi. Murza hannu na kawo zafi. In mutum ya natsu, numfashin sa ya lafa, jijiyoyin jini na hannu kan buɗe, jini ya ƙaru, hannu ya yi ɗumi. Sa'annan ga hankali da aka tattara wuri guda. Ai ko bugun zuciyar ka ba ka jin sa sai ka saurara. Amma da zarar malam ya ce, "Wannan chi ne, in ka daɗe za ka iya tura shi jikin wani ka warkar da shi," to ya ɗora wa ɗumin nan kayan da ba ya iya ɗauka. Kuma ɗalibi zai gaskata, domin shi a ganin sa ya riga ya taɓa hujjar da hannun sa.

An gwada wannan da'awar. Wata yarinya 'yar Amurka, Emily Rosa, ta na da shekara 9 ta shirya gwaji ga masu cewa su na jin ƙarfin jikin mutum ba tare da sun taɓa shi ba. Su ka zura hannuwa ta cikin wani shamaki, ita kuma ta riƙa ɗora hannun ta a saman ɗaya daga ciki, su faɗi wanne ne. Mutum 21, gwaji 280, su ka dace a kashi 44 cikin 100. Ko canki-canka aka yi ana sa ran kashi 50. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon a 1998.

Ita kan ta ƙasar Sin ta ɗanɗana. A shekarun 1980 zazzaɓin chi-gung ya kama miliyoyin mutane, har aka riƙa yaɗa cewa wani malami, Yan Xin, shi ya kashe gobarar dajin arewa maso gabashin ƙasar ta 1987 daga nesa. Tun kafin nan, a 1900, 'yan tawayen da Turawa su ka kira Boxers sun tunkari bindiga da imanin atisayen su ya hana harsashi huda su. (Mu da mu ka san 'yan tauri ba ma buƙatar dogon bayani.) A 2017 kuma, a birnin Chengdu, ɗan dambe Xu Xiaodong ya kai wani malamin taichi, Wei Lei, ƙasa cikin abin da bai kai rabin minti ba.

Wani zai ce na cika tsanani. Zai ce kalmar chi dabarar koyarwa ce kawai: in ka ce wa tsoho ya ji kamar ruwan ɗumi na gangarowa daga kafaɗar sa, zai saki kafaɗar fiye da in ka karanta masa sunayen tsokoki. Wannan magana ce mai ƙarfi, kuma na karɓe ta. Darakta ma haka ya ke yi wa 'yar wasa, ya ce ta ɗauka yanzu aka aiko mata da rasuwa, sai hawaye ya zo. Sai dai 'yar wasan ta san ba wanda ya mutu. In malam ya ce "ka ji kamar", ya bar wa ɗalibi hankalin sa. In ya cire "kamar" ɗin, ya kuma sa farashi a kai, sai ka ga mai ciwon suga ya ajiye maganin sa ya na jiran hannun malam. Akwai kuma asarar da ba a cika lura da ita ba: yaron da ya zo don ganye ya kewaya shi, in wata uku ya wuce bai gani ba, sai ya watsar da komai, har da ɗan amfanin da ya fara samu.

Amfanin kuwa akwai shi. A 2012 mujallar likitanci ta New England ta buga wani bincike da aka yi a jihar Oregon kan mutum 195 masu cutar makyarkyata ta Parkinson. Waɗanda su ka yi taichi sau biyu a mako har mako 24 sun fi samun daidaiton tsayuwa, kuma sun fi masu miƙe gaɓɓai kawai ƙarancin faɗuwa. Ga tsohon da karayar ƙugu ke iya kwantar da shi har ƙarshen rayuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ya sa a finafinan horo na fi ganin girman *The 36th Chamber of Shaolin* na 1978. Darakta Lau Kar-leung ya ɓata kusan rabin fim ɗin ya na nuna horon Gordon Liu, har da inda ya ke ɗibar ruwa a bokiti da wuƙaƙe ɗaure a damatsan sa, in ya sauke hannu su soke shi. Ɗaki bayan ɗaki: yau ƙafa, gobe wuyan hannu, jibi ido. Lau ɗin shi kan sa ɗan kunfu ne da ya koya a wurin mahaifin sa, ya san tsawon lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya daina rawa.