Nadama Iri Biyu Ce

Wani dattijo ya same ni bayan sallar Isha'i a nan Tudun Wada, ya ce shekara tara ke nan rabonsa da barci mai daɗi. Gonar marayun ƙanensa ya sayar, ya ci kuɗin. Ya yi istigfari har carbi ya suɗe, amma zuciya ta ƙi kwanciya. Ya ce, "Malam, ko Allah bai karɓa ba ne?"

To jama'a, wannan tambaya ba mu kaɗai ta dama ba. Malaman Yahudawa suna kiran tuba "teshuba", asalin kalmar kuwa komowa ne, daidai da tauba a Larabci. Babban malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba, wanda ya yi aikin likita a Masar har ya rasu a 1204, ya bayyana cewa laifin da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa ko azumin babbar ranarsu ta kaffara ba ya kankare shi, sai an mayar da haƙƙi, an kuma roƙi gafarar mai shi. Haka Imamu Gazali ya sanya mayar da haƙƙoƙi cikin sharuɗɗan tuba a littafinsa Ihya'u.

Likitocin ƙwaƙwalwa na zamani sun biyo wannan sawu. Viktor Frankl, Bayahude ɗan Biyana wanda ya tsira daga sansanonin Hitila a 1945, ya ƙi yarda a riƙa ce wa mai laifi ba laifinsa ba ne. A ganinsa, wanda aka cire wa alhaki an cire masa mutunci. Jin laifi kuwa dama ce ta canja hali.

Ashe nadama iri biyu ce. Akwai mai tura mutum ƙofar wanda ya zalunta, ita ce magani. Akwai mai kulle shi a ɗaki yana ta cizon yatsa, wannan cuta ce, ƙanwar yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji. In ta kai ga hana ci da barci, zuwa asibitin Kware neman likita ba raunin imani ba ne.

Na ce wa dattijon, "Baba, carbi ba ya biyan bashi. Marayun nan suna raye, kuma ka san gidansu." Ya daɗe shiru, sa'an nan ya tambayi yadda ake ƙiyasta kuɗin gona a yau.

Allah Ya sa mu komo tun ƙafa na iya kai mu. Amin.