Tuba Tana Goge Zunubi, To Takardar Kotu Fa?



Mu mazauna Suleja, Abuja na bakin ƙofarmu, kuma da wuya ka shiga gida ba ka tarar da yaron da ke neman aikin ɗan sanda, soja, ko tuƙin wata ma'aikata ba. Irin wannan aiki sai an tantance mutum. Fom yakan tambaya ko kotu ta taɓa yanke maka hukunci, wani wurin a nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda, manyan muƙamai kuwa DSS ce ke bincike.

To a ce yaro ya taɓa shan giya ya hau mota, jami'an kiyaye haɗurra suka kama shi a hanyar Madalla, alƙali ya same shi da laifi, domin dokar hukumarsu ta 2007 ta hana tuƙi cikin maye. Shekara biyar ke nan ya daina, sahun farko ba ya wuce shi. Ga fom a gabansa. Me zai rubuta?

Wasu iyaye za su ce ya rubuta a'a, ai addini ya ce mu rufa wa kanmu asiri. Gaskiya ne, zunubin da Allah Ya suturta ba a tallarsa. Sai dai wannan a gaban alƙali aka yi shi, yana rubuce. Kuma mai tambayar bindiga zai danƙa masa, ko rayukan mutane cikin mota. Mu kanmu 'yan kasuwa, wa zai ba direba lodin kaya zuwa Kano bai tambayi halinsa ba? Musun abin ƙarya ce sabuwa, an ɗora ta kan laifin da aka riga aka tuba. Ko a Amurka, masu tantance ma'aikatan sirri suna duba daɗewar laifin maye da alamun gyara, wanda ya ɓoye kuwa ɓoyewar kan fi laifin kayar da shi.

Suratun Nur ta nuna mana hanya. Wanda ya yi ƙazafi ana ƙin shaidarsa, amma an keɓe wanda ya tuba kuma ya gyara, malaman Malikiyya suka ce idan gyaransa ya bayyana a karɓa. Tuba tsakaninka da Allah ce, ko yau. Gyara kuwa mutane ne za su gani, kuma sai an ɗau lokaci.

Mu ma akwai namu nauyin. Bukhari ya ruwaito cewa an sha kawo wani sahabi saboda giya, da wani ya la'ance shi Manzon Allah (SAW) ya hana. Don haka wanda ya san yaron nan ya gyaru, ya tsaya masa shaida idan an zo bincike unguwa, ya faɗi abin da ya sani, ba ƙari ba ragi. A daina kiransa da tsohon suna.

Yana yiwuwa gaskiyar ta hana shi wannan aikin. Amma wanda ya shiga da ƙarya, kullum albashinsa da fargaba yake karɓa, ranar da aka gano kuwa kora ce da kunya. Arziki ba ƙofa ɗaya gare shi ba.

Samarinmu da ke riƙe da sitiyari, ku kula: daren maye ɗaya na iya ɗauke ran wani, ya kuma bi ku shekaru.

Allah Ya shirye mu da zuriyarmu. Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci