Wa Ya Kamata Ya Ji Abin da Ka Bayar?

Karatu: 2 Korintiyawa 8:1-21

Ɗan'uwa cikin Almasihu, ka san yadda ranar ƙaddamar da gidauniya take. An gama sujada, an zaunar da babban baƙo a gaba, mai gabatarwa yana kiran suna da adadi. Naira dubu ɗari biyar, a yi tafi da guɗa. Dubu hamsin, a tafa kaɗan. Kafin a sauko kan masu ɗari biyar, jama'a sun fara kallon ƙofa. Kuɗin na marayu ne da gwauraye, kuma yakan taru sosai. To, akwai laifi a ciki?

Wani zai ce akwai, tunda a Matiyu sura 6 Ubangiji Yesu ya hana mu yin shelar sadakarmu. Gaskiya ne. Amma lokacin da Manzo Bulus yake tara wa matalautan Urushalima gudummawa, bai yi shiru ba. Ya ba Korintiyawa labarin abin da ikkilisiyoyin Makidoniya suka yi, da nufin ya zuga su. Barnaba ma da ya sayar da gonarsa, gaban manzanni ya ajiye kuɗin, har sunansa ya shiga Littafi Mai Tsarki. Ashe sanin mutane kaɗai ba shi ne zunubin ba.

Duba abin da Bulus ya yaba. Bai faɗi ko nawa Makidoniyawa suka tara ba, har yau ba wanda ya sani. Abin da ya faɗa shi ne suna cikin talauci da wahala, amma su suka roƙa a bar su su sa hannu. Mu kuwa adadin muke ɗagawa. Gwauruwar nan ta Markus sura 12 mai anini biyu, da ta zo irin taronmu, da ta koma gida da kuɗinta saboda kunya. Ka lura kuma, daga labarin Barnaba sai na Hananiya da Safiratu, waɗanda suka so irin yabon da aka yi masa ba tare da sun biya farashinsa ba. Tambayi ma'ajin ikkilisiya alkawura nawa aka yi wa tafi da har yanzu bai gani ba.

Akwai wanda muke mantawa da shi: mai karɓa. A tsai da maraya gaban jama'a, a ba da tarihin yunwarsa, a ɗauki hotonsa rungume da buhun shinkafa a sa a Facebook. Yaron nan zai girma, hoton yana nan. Ni dai ban ga an ba mu izinin sayen taimako da mutuncinsa ba.

Dabarar Bulus ba ta da hayaniya. A 1 Korintiyawa sura 16 ya ce kowa ya riƙa ware wani abu ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada sai ya iso a fara tarawa. Kuma bai yarda kuɗin ya zauna a hannun mutum ɗaya ba, ya aiki Titus tare da 'yan'uwa biyu domin kada a sami abin zargi.

A jihar Mizoram ta ƙasar Indiya, tun wajen 1910 mata masu bi suke ɗebe shinkafa cikin tafin hannu duk lokacin da za su ɗora tukunya. A tara, a kai majami'a, a sayar, a yi aikin Ubangiji da kuɗin. Fiye da shekara ɗari ke nan ba su daina ba. Zumuntar matanmu ma za ta iya haka da gero ko masara, maza su ware mudu ɗaya a kowane buhu lokacin kaka, mai albashi ya sa nasa a ambulan marar suna.

In kana cikin kwamitin da zai shirya taro na gaba, ka sa wannan a addu'a, sa'an nan ka tambayi sauran: mai ɗari biyar, ta wace hanya zai kawo nasa ba tare da ya sunkuyar da kai ba?