Kayan da ke Numfashi

Auta bai cika wata biyu da fara aiki a sashen kaya na filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Ikeja ba. Kawunsa, wanda ya tsufa a wannan aiki, shi ya samar masa gurbi, kullum tare suke fitowa daga Agege da sassafe.

Wata Laraba cikin watan Yuni, mota ta iso daga wani gidan ƙyanƙyasa na Ibadan ɗauke da 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya, za a tura su Kano ta jirgi. Kwali 50 ne, kowanne da ɗan tsako 100, an raba cikinsa gida huɗu, jikinsa duk huji. Aka jera su a kan katako a bakin rumfa, Kawu ya tafi sallar Azahar.

Sai hadari ya taso, iska mai sanyi ta kaɗa. Auta ya ji kukansu, tausayi ya kama shi. A gida ya saba ganin mahaifiyarsa tana hura gawayi a kasko ta rufe ɗakin 'yan tsakinta ruf don kada sanyi ya kashe su. Ya matse kwalayen wuri guda, ya jawo ledar da ake lulluɓe kaya da ita, ya naɗe su sama da ƙasa, ya ɗaure tamau. Ya koma gefe yana jin ya yi aikin lada.

Tun daga nesa Kawu ya ji kukan ya sauya. Takalminsa a hannu ya rugo, ya zaro wuƙa ya farke ledar. Cikinta ya yi gumi sharkaf, wani zafi mai wari ya bugi fuskokinsu. Ya zaro kwalin tsakiya ya buɗe. 'Yan tsakin sun wage baki suna haki, fikafikai a shimfiɗe, wasu sun cusa kai cikin huji, wasu kuma sun riga sun miƙe ƙafa.

"Shigar da su inuwa! Raba kwalayen, kada wani ya taɓa wani!"

Sai da suka baza su gaban fanka, hakin ya lafa, Kawu ya kama hannun Auta ya ɗora a kan kwali guda.

"Me ka ji?"

"Ɗumi, Kawu."

"Wa ya hura musu wuta?"

Auta ya yi shiru.

"Jikinsu ne wutar. Zafin jikin ɗan tsako ya kai digiri 40. Tara 5,000 wuri ɗaya, kowanne na fitar da zafi da tururi da iskar da ya gama shaƙa. Na gefe yana samun sauƙi, na tsakiya ba shi da mafita. Yunwa ba ta dame ni ba, ragowar gwaiduwar ƙwai da ke cikinsu tana riƙe su har wajen awa 72. Iska kuwa, 'yan mintoci sun isa. Ɗakin mahaifiyarka fili ne, 'yan tsaki kaɗan ne, in zafi ya yi yawa su matsa nesa da kasko. Waɗannan ina za su matsa?"

Suka ƙirga gawa 137, kusan duk daga kwalayen tsakiya. Kawu ya rubuta adadin a takarda, bai rage ko ɗaya ba, ya sa Auta ya sa hannu a ƙarƙashin nasa.

Da lokacin lodi ya yi, Kawu ya ƙi fita da su har sai da aka kusa gama zuba sauran kaya. Ƙa'idar ke nan: mai rai shi ne na ƙarshe a shiga, na farko a fita, domin jirgi a ƙasa, injinsa a kashe, cikinsa na saurin ɗaukar zafi. Ya nuna wa Auta cewa ɗakin kaya na ƙarƙashin jirgi kashi-kashi ne, kuma ba kowane kashi ne iska ke zagayawa a cikinsa ba. Ya nuna masa harufan AVI a takardar kaya, alamar dabba mai rai a tsarin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, wadda take da littafi guda na dokokin ɗaukar dabbobi.

"Wannan takardar sai ta isa hannun matuƙi. In bai san yana ɗauke da rai ba, ba zai daidaita iska da ɗumin ɗakin ba."

Suna jera kwalayen, suna barin tazara tsakaninsu, Auta ya hango wani farin akwati a lungu, jikinsa ya yi raɓa. Ya taɓa shi, sanyi ƙarara. Zuciyarsa ta ce masa ga abin da zai sanyaya wa 'yan tsaki, ya matso da shi kusa da su. Har ya miƙa hannu, sai ya janye.

"Kawu, wannan fa? Zai taimake su ko zai cuce su?"

Kawu ya karanta tambarin jikinsa. "Busasshiyar ƙanƙara ce, magani aka sa a ciki. Ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take zama, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, kuma ƙasa take kwanciya saboda nauyi. Da ta shaƙe su kafin a kai Kano. Kira mai kula da lodi, a mayar da shi ɗaya ɗakin."

Auta ya diro daga jirgin, ya ruga kiransa.