Yanke Tumbi Domin Rage Ƙiba: Magani Ne Ko Canza Halittar Allah?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

A wannan mako na zo muku da wata mas'ala wadda ba za ku same ta da sunanta a cikin Ishmawi ko Iziyya ko Risala ba, domin zamani ne ya haife ta. Wani attajiri ne daga ƙasarmu ta Zagga, mai safarar hatsi tsakanin Bagudo da kasuwannin ƙetaren iyaka wajen Segbana da Kandi a Jamhuriyar Benin, ya same ni a zaure bayan sallar lisha. Da ƙyar ya iya zama a kan tabarma, sai da ya jingina da bango. Shekarun baya ƙiba ta yi masa yawa, ya tafi ƙasar waje aka sa masa zobe a tumbi. Da fari ya ragu, kowa ya yi masa barka. Daga baya sai ga amai da ƙwarnafi, ƙibar kuma ta komo, ta taho da ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa. Yanzu likitoci sun ce zoben ya zame, sai an cire shi, kuma shawararsu ita ce a yi masa aiki na biyu, a yanke mafi yawan tumbin a yar.

Ya ce mini, "Malam, Yaya ya ce in na yarda da wannan aiki na bi umurnin Shaiɗan. Ni kuwa yau shekara uku ke nan rabona da in sa goshina a ƙasa, a kan kujera nake salla. To, ina zan sa kaina?"

Malamai sun ce ba a yi wa abu hukunci sai an san siffarsa, saboda haka bari mu fara da bayanin ayyukan biyu. Na farko, wanda Larabawa ke kira rabɗul ma'ida, watau ɗaure tumbi, zobe ne na roba da ake zagayawa a saman tumbin, ya bar ɗan aljihu wanda loma kaɗan ke cikawa. Ana iya matse shi ko a sassauta ta hanyar ɗura ruwan gishiri a wata 'yar mahaɗa da ke ƙarƙashin fata, ana kuma iya cire shi baki ɗaya. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da irinsa a 2001, ya yi tashe na waɗansu shekaru, sa'an nan likitoci suka fara ja da baya, domin yakan zame, ko ya ci bangon tumbin, ko ƙibar ta komo. Na biyu shi ne takmimul ma'ida. Kalmar ta fito daga kummu, watau hannun riga, domin ana yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin, a ɗinke sauran ya zama siriri kamar hannun riga ko ayaba. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ke fitar da mafi yawan sinadarin da ke motsa yunwa, don haka mutum yakan rage sha'awar abinci. Wannan aikin shi aka fi yi a duniya yanzu. Amma abin da aka yanke ya tafi ke nan har abada.

Nan ne ƙullin mas'alar yake, kuma ban ga laifin wan nasa ba. Mutumin ya yi karatu, hujjarsa kuwa ba ta wasa ba ce. A aya ta 119 ta Suratun Nisa'i an ba mu labarin alwashin da Shaiɗan ya sha na cewa zai umurci 'yan Adam su canza halittar Allah. Jikinmu kuma amana ne, ba mallakarmu ba. Wan ya ƙara da cewa, malaman fiƙihu sun halatta yanke hannun da ya ruɓe domin kada cutar ta ci sauran jiki, amma tumbin ƙanensa lafiyarsa lau, ba ƙari ba gyambo. Ya ce laifin na baki ne da hannu, don me za a hukunta tumbi?

Ga abin da na fahimta, Allah kuwa shi ne Masani. Ba kowane yanka ne canza halitta ba. Da haka ne, da kaciya ta haramta, alhali nama mai lafiya ake yankewa. Da ƙahon da wanzamai ke yi ya haramta. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Mas'ud, inda aka la'anci mata masu goge haƙoransu su yi wushirya, an ambaci dalilin a fili, watau neman kyau. Imam Nawawi a sharhinsa ya bayyana cewa in don magani ne ko don gyara wani aibi a haƙorin, babu laifi. Ke nan hukunci yana bin dalilin yin aikin. Ana duba lafiyar mutum gaba ɗayansa, ba ta gaɓa ɗaya ba.

Sa'an nan akwai labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka kawo. An sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya yi hancin azurfa ya sa. Azurfar ta yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya yi na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Ku dubi tsarin nan da kyau: ya fara da mafi sauƙi, da mafi sauƙin ya gaza har ya zama cuta, aka buɗe masa ƙofar da take a rufe. Na sani Arfaja mayar da abin da ya rasa ya yi, shi kuwa Alhajinmu rage abin da yake da shi zai yi, saboda haka misalin bai daidaita ta kowane gefe ba. Amma ya ishe mu amsa ga masu cewa gazawar aikin farko alama ce Allah bai yarda ba, sai ya haƙura. Gazawar magani ba wahayi ba ce. An umurce mu da neman magani, ba a ce sau ɗaya kawai ba.

Kada kuma wani ya ce ai maganin Nasara ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan ilmin magani, kuma sa'ad da Baturen nan Kilafatan ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likita.

Malaman zamani ma sun zauna a kan batun. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya cikin 2007, ta yanke cewa ya halatta a rage ƙiba ta hanyoyin likita, har da tiyata, muddin ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya sai tiyatar, kuma an aminta daga cutarwa. Likitoci suna da ma'auninsu na gane ƙibar da ta zama cuta: a ninka tsawon mutum da kansa, a raba nauyinsa da abin da ya fito. Mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 120, ma'auninsa ya haura 41. Tun 1991 ƙa'idar ita ce 40, ko 35 in akwai ciwo irin na sukari. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto da ita zuwa 35, ko 30 tare da irin wannan ciwo. Wanda bai kai nan ba, yana dai son riga ta zauna masa ne, wannan ba da shi muke ba, kuma ina tsorace masa ayar da wan Alhaji ya kawo.

To, amma halasci ba shi ne ƙarshen magana ba, kuma a nan na fi daɗewa da baƙona. Sharaɗin aminta daga cutarwa yana da nauyi a kansa fiye da kan wanda ba a taɓa yi wa aiki ba, domin zobe yakan bar tabo, ɗinki kuwa a kan tabo ya fi haɗarin yoyo. Shi ya sa waɗansu likitoci kan cire zoben tukuna, su jira watanni kafin su yi yankan. Aikin hannun riga kuma yakan ƙara ƙwarnafi, shi kuwa da ma da shi yake fama. Wajibi ne ya faɗa wa likitan wannan, ko da akwai wani aikin da ya fi dacewa da shi. Zai rayu yana shan ƙwayoyin ƙarin jini da na bitamin. Akwai kuma alluran rage ƙiba da suka fito a 'yan shekarun nan, masu tsada, sai ya tambaya ko sun ishe shi, domin sharaɗin malamai shi ne babu wata hanya. Uwa uba, yoyon ɗinki yakan bayyana ne a kwanaki ko makwannin farko. Mutumin da ya yi gaggawar komowa Zagga domin kasuwa, in zazzaɓi da bugun zuciya suka taso masa da tsakar dare, kafin a kai shi Birnin Kebbi ko Sakkwato wane hali zai shiga? Wanda bai tanadi kuɗin zama kusa da likitansa ba, bai ɗaure raƙuminsa ba tukuna.

Sa'an nan na tambaye shi abin da ya fi wuya. Na ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, me ka riƙa ci bayan an sa zoben?" Ya yi shiru, sa'an nan ya yi dariya. Tuwon shinkafa ya ƙi wucewa, sai ya koma ga fura da nono da sukari, da shayi mai kauri, da lemun kwalba. Ruwa kuwa ba ya jin tsoron ƙaramar ƙofa. Haka zai wuce ta hannun rigar, tumbin da ya rage ma yana iya buɗewa a hankali. Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba cewa Annabi ya nuna babu mazubin da ɗan Adam ke cikawa mafi sharri kamar cikinsa, ya kuma koya mana raba shi uku, ga abinci, ga abin sha, ga numfashi. Wuƙar likita tana iya tilasta wannan rabon na ɗan lokaci, amma ba ta da hanyar shiga inda kwaɗayi yake zaune.

Ban faɗi haka domin a riƙa yi wa masu ƙiba gori ba. Akwai ta gado, akwai wadda ciwo ko magani ke kawowa, kuma jiki in ya saba da nauyi yakan yi yaƙi domin ya komar da shi. Mu ma muna da namu kason laifin. Mu ne muke ganin teɓa mu ce hutu ne da arziki, mu ga mutum ya ragu mu ce ko kasuwa ta karye. Mu ne 'yan matanmu ke haɗiyar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe domin a ce amarya ta cika ido. Sa'an nan a ƙauyukan da Alhaji ke sayen hatsi akwai yaran da tamowa ta kama. Na ce masa in yana da dukiyar da za ta kai shi ƙasar waje sau biyu, ya sake duba lissafin zakkarsa, kuma hatsin da tumbinsa ba zai ƙara ɗauka ba akwai masu jiransa.

Da zai tashi ya tambaye ni batun azumi, domin ya ji mai irin wannan aiki ba ya iya shan ruwa da yawa a lokaci guda, sai kurɓi kaɗan kaɗan yini zubur. Na ce gaskiya ne, kuma azumi a zafin ƙasarmu cikin watannin farko yana iya kai shi ga galabaita. Hukuncinsa hukuncin majiyyaci ne: in amintaccen likita ya hana shi, ya sha, ya rama sa'ad da ya sami iko, ba ciyarwa zai yi ya ce ya sauke ba. Na ba shi shawara in likitoci ba su ga gaggawa ba, ya sa ranar aikin bayan ƙaramar salla, domin ya sami kusan wata 11 kafin wani Ramalan ya kama. Na kuma roƙe shi ranar da zai koma ganin likita ya tafi tare da wansa, ya ji da kunnensa, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Ya ce zai gwada, amma sai in na fara zuwa na gai da Yaya da kaina. Mun yi alkawarin ranar Jumma'a bayan an sauko daga masallaci.