Idon Mai Saye da Harshen Mai Sayarwa

Duk wanda ya san ƙasar Batsari da Safana ya san doki ba abin wasa ba ne a wurinsu, domin idan Salla ta gabato, hakimansu, Sarkin Ruma da Yariman Katsina, suka shirya jama'arsu zuwa hawa a birnin Katsina, babu mai son a ce nasa ne ya yi tutsu a gaban Sarki. Son nan kuwa gado ne, gama Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, da ɗansa Usman Nagogo, wanda ya riƙe sarauta har 1981, sun shahara da sanin dawaki da wasan folo, hakimai suka yi koyi da su, talakawa suka yi koyi da hakimai. To, a nan wata mas'ala take tasowa: mutumin da ya tsananta bincike kafin ya sayi doki a hannun ɗan'uwansa Musulmi, shin mummunan zato ya yi masa, ko kuwa hakkinsa ya nema?

Masani idan aka jawo masa doki, yakan fara da baki, domin haƙora su ne shaidun da dillali ba ya iya saye, tun da yake sai doki ya kai wajen shekara 5 yake gama famfara, bayan haka kuma gogewarsu ke nuna tsufa. Sa'an nan ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, ya shafa gwiwa da agara yana neman zafi ko kumburi, ya taɓa gadon baya ko sirdi ya bar miki, ya sa a zagaya da shi a kan ƙasa mai tauri inda ɗingishi ba ya ɓuya, a ƙarshe a yi sukuwa, ya kasa kunne ga numfashinsa. Ya fi son ya zo da sassafe, dokin yana kan turke, jikinsa bai ɗumama ba.

Amma ido iyakarsa zahiri. Ba ya ganin ko dokin yana cizo ko harbi, ko yana firgita da tambari da ƙarar bindiga, ko ya taɓa doguwar jinya. Saboda haka sai a koma ga tambaya: "Alhaji, a hannun wa ka same shi? Me ya sa za ka rabu da shi? Ya taɓa shiga hawa?" Da zarar an yi tambayar, nauyi ya tashi daga idon mai saye ya koma kan harshen mai sayarwa.

Haka malaman mazhabar Malikiyya suka raba al'amarin. Aibin da yake a fili, mai saye ya gani ya yarda, nasa ne. Wanda kuwa aka ɓoye, mai saye yana da zaɓi ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Muhtasar na Shaihu Halil ya ba da kamar kwana uku na gwaji ga dabba idan an sharɗanta, hadisi kuma ya hana barin nono ya taru a hantsa don a ruɗi mai saye, abin da yake ɗan'uwa ne ga ɗura wa doki ruwa da kanwa don ya yi ƙiba ta yini ɗaya. Shari'ar da ta tanadi wannan duka ba za ta kira bincike mummunan zato ba, hasali ma cinikin biri a sama shi ta ƙi, ta kira shi garari.

Fahimtata ita ce, mai tambaya taimakon mai sayarwa yake yi, domin ya buɗe masa ƙofar da zai faɗi gaskiya tun kuɗin bai zama haram a aljihunsa ba. Wanda ya ce, "Yana da kyau, amma ba ya son ganga," mai yiwuwa a rage masa tayi, sai dai abin da ya karɓa halal ne. Tawakkali kuwa yana zuwa ne bayan an duba, an tambaya, an ce "na sallama", gama lafiyar dokin gobe ba ta hannun ɗayansu, kuma ba a tuhumar kowa a kanta.